Makullin Lokar Malama

"Iya, ki sauke murya, akwai masu jarrabawa a ciki," in ji manajan.

Ban sauke ba. Na dangwara ɗan makullin a kan teburinsa, na ce ya tashi ya buɗe mini lokar da wannan makulli ke buɗewa, in ba haka ba a wurin zan yini.

A aljihun rigar Malama na same shi. Ni mai wanki ce, ɗakina da nata bango ɗaya, kuma da aka dawo da kayanta daga asibiti a leda, ni aka miƙa wa. Hannuna ba ya jiƙa tufa sai ya laluba aljihu.

Kafin rasuwarta, Malama a firamare take koyarwa. Ta ce tana son komawa makaranta ta yi digiri na biyu, amma sai ta ci wata jarrabawa ta kwamfuta. Kullum ta taso aiki sai ta jawo kujera kusa da bahona, ta buɗe littafi mai kaurin bulo. A ba ta magana ɗaya da Turanci, a ja layi a ƙarƙashin rabinta, sannan a jero wasu biyar, ta zaɓi wadda ba ta da aibi. Sai ta karanto mini su duka, ni da ko sunana ba na ganewa a takarda. A kunnena duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

"Iya, wacce?"

"Ta uku."

"Jiya ma ta uku kika ce."

"To jiyan cizon ki ta yi?"

Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Asma gare ta tun ƙuruciya.

Abin da ya dame ni agogo ne. Takan saita wayarta, in tari ya taso sai ta dafe ƙirji ta ci gaba da karatu, inhelarta na kan cinya ba za ta ɗauka ba. Wai a can agogo ba ya tsaya wa kowa, in ka fita lokacinka na tafiya, gara ta saba tun yanzu. Na ce mata wannan ba karatu ba ne, mugunta ce.

Ranar jarrabawar da idona na ga ta girgiza inhelar, wato maganin shaƙarta, ta jefa a aljihu. Kafin azahar aka bugo waya. Ba ta kai asibiti da rai ba.

Masu wurin suka ce wa mijinta ba ta zo da magani ba. Shi direban babbar mota ne, daga hanya ya dawo ya tarar da gawa, abin da aka faɗa masa ya riƙe. 'Yan uwansa mata kuwa suka samu na yi a zaman gaisuwa: wai boko ya cinye mata hankali, mace da 'ya'ya biyu ta fita ba maganinta, ganganci ya kashe ta. A gaban yaran suke faɗa. Babbar ta daina cin abinci. Ta same ni ina shanya ta ce, "Iya, da gaske Mama mantawa ta yi?"

Abin da ya kawo ni ke nan.

Manajan ya yi ta zagaye, wai sai an gama bincike za a kai wa dangi kayanta. Na kwance ɗankwalina na ɗaura a ƙugu, na zauna a ƙasa tsakiyar ofis. Da ya ga masu shigowa suna tsallake ni suna kallonsa, ya ɗauki makullin.

Jakarta na ciki, da wayarta. Inhelar na sama, ita kaɗai. Daga lokar zuwa ƙofar ɗakin jarrabawar, ko tofa yawu na yi zai kai.

Ya ce dokar ba tasa ba ce, ba a shiga da komai a aljihu sai an nemi izini tun da wuri, kuma shi ranar ba ya nan.

"Ɗan nan, ban tambaye ka doka ba. Wa ya ce ba ta zo da shi ba?"

Matar da ke lalube aljihun mutane a bakin ƙofa, wata siririya mai kati a wuya, ita ta amsa.

"Ni na ce ta ajiye."

Ta ce Malama ta roƙe ta, ita kuma ta ji tsoron aikinta. Tana kallon ta ta gilashi, Malama ta duƙa ta dafe ƙirji, ɗaya hannun bai daina danna kwamfuta ba. Ta daɗe a haka kafin ta ɗaga hannu. Matar ta ruga loka, sai ta tuna makullin na jikin Malama. Kafin ta juyo, maza sun ɗauke ta sun yi waje.

Na ce ba ni za ta faɗa wa ba. Akwai yarinya a gida da ba ta cin abinci, akwai mata masu dogon baki, a gabansu za ta maimaita. Manajan ya ce in ta taka waje da wannan magana, kada ta dawo. Na ce masa Allah ya isa, na faɗa da ƙarfi don na cikin ɗakin ma su ji.

Ta cire katin ta ajiye a kan tebur. Ta ɗauki jakar.

Muka shiga mota tare. Ban yafe mata ba, kuma ba ta nema ba.

Mun tarar da dangin mijin a kan tabarma, shi yana zaune a bakin ƙofa. Babbar yarinyar na shara. Ta ga jakar uwarta a hannun baƙuwa, tsintsiyar ta tsaya. Matar ta sunkuya za ta cire takalmi, maɗaurin ya ƙi kwancewa. Duk gidan aka zuba mata ido ana jiran abin da za ta faɗa.