Sunan da Puleiki Ya Ciro Daga Ƙasan Teku

Shekarar da Malama Sifa ta fara tattara sunayen kifaye don 'yan makarantar ƙauyenmu, tsofaffi kan zauna da ita a rumfar coci duk Talata, suna faɗa tana rubutawa. Ran nan tsoho Puleiki ya ce, "Rubuta makamohe."

Aka dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin sunan.

"Bai kai tafin hannu ba," in ji shi. "Ja ne, mai ƙaton kai. Can cikin duwatsun ƙasan teku yake kwanciya, zurfin gaba tamanin ko fiye. Kakana ne ya nuna mini."

Togia, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya tuntsure da dariya. "Shekara hamsin ina jefa ƙugiya a wurin nan. Wannan kifi a bakinka kaɗai yake iyo, tsoho!"

Malama ta ajiye alƙalami. "Kawu, ka yi haƙuri. Abin da ido bai gani ba, da wane baki zan koya wa yara?"

"To, bar masa layi guda, 'yar nan," in ji Puleiki.

Washegari ya sauko da kwale-kwalensa da ya shekara uku a rataye. Gwiwoyinsa na ƙara, haka ya bi matattakalar dutse har bakin ruwa. Yakan naɗe ƙugiya mai koto da ɗan dutse cikin ganye, ya saki igiya har ta dire ƙasa, ya fizga, dutsen ya kwance ya faɗi. Mako uku yana wannan, ban da Lahadi. Manyan kifaye suka yi ta hawowa, maƙwabta suka ci suka gode, shi kuwa fuska a murtuke. Igiya ta tsattsaga masa tafin hannu.

Wata rana matarsa Malua tana shafa masa man kwakwa ta ce, "Maigida, kai ka ce ɗan mitsitsi ne. Ƙugiyar nan taka ai ta fi kansa girma. Ta ina zai haɗiye ta?"

Ya dubi ƙugiyar. Ita kuwa ta zare allurar ɗinkinta, ta gasa a garwashi, ta lanƙwasa masa.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ya ji ɗan motsi a yatsa, kamar tafiyar tururuwa. Ya riƙa ja sannu sannu, gaba bayan gaba, har abin ya ɓullo: ja zur, idanu a kumbure saboda nisan hawa, ƙayoyi a miƙe. Ya sa shi a ɓawon kwakwa da ruwa, ya tuƙa gida da sauri, don ya san launin ba ya jira.

Cikin aji ya iske Malama. Yara suka yi caa a kan ɓawon. Aka kira Togia, ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Au, wannan? Babana yakan jefar da irinsa."

"Me yake kiransa?" in ji Puleiki.

Togia ya sosa ƙeya. "Na manta, ɗan nema. Malama, rubuta yadda ya faɗa."

Puleiki bai gusa ba sai da ta rubuta a allo, yara suka maimaita sau uku. Sannan ya ɗauki kifinsa ya nufi gida. Malua ta gasa shi gefen gwaza, suka raba biyu. Kowa loma ɗaya ya samu, rabinta ma ƙaya.