Amsoshi Tamanin a Minti Tara

Shekara biyu Tsinke ta yi tana zaga ɗakunan masu jego da wayarta, tana tambayarsu yadda damuwa ke hana su sakat. Ƙaramar malama ce a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, rashin ƙibarta ya jawo mata wannan laƙabi. Farfesan da ke duba aikinta ya karɓi sakamakon, har da lambar sirrin manhajar da take tara amsoshi, ya ce aikin bai nuna komai ba, ta sake wani. Bayan wata bakwai ta ga binciken a mujalla, da sunansa shi kaɗai.

Ta same shi a ofis yana ɓare lemo.

"Ranka ya daɗe, aikina ne wannan."

"Ke da ko jadawali ba ki iya jerawa ba? Ja min ƙofar in kin fita."

A gida yayarta ta ce ta bar wa Allah.

"Zan bar masa, Yaya, amma sai na gama nawa."

Ta buɗe manhajar. Mata ɗari da arba'in ta yi wa tambayoyi, sai ga amsoshi ɗari biyu da ashirin. Farfesa bai san manhajar tana rubuta lokacin kowace amsa da na'urar da ta fito ba. Tamanin ɗin ƙarin sun shigo cikin minti tara, duk daga kwamfuta ɗaya, ba daga wayarta ba. Ta saka takardar da ya buga a wani shafin intanet mai duba lissafin bincike, ya tsamo kurakurai goma sha ɗaya. Tsarin aikin kuwa yana rumbun ajiyar bincike na intanet tun shekara uku, da sunanta da kwanan wata.

Ba ta yi gaggawa ba. Kullum tana gaishe shi har da rusunawa. Sai ranar da aka liƙa sunansa cikin masu neman shugabancin tsangaya ta tura komai ga editan mujallar da kwamitin ladabtarwa.

Mujalla ta janye takardar. Aka dakatar da shi.

Ya zo ofishinta da kansa, babu wurin zama sai kwalin takardu, ya tsaya.

"'Yata, rubuta musu cewa wajen shigar da amsoshi kika yi kuskure. Ke yarinya ce, za a yafe miki."

"Maimaita a hankali, ranka ya daɗe, in rubuta daidai."

Ya maimaita. Ta rubuta kalma bayan kalma, da ranar da lokacin, ta kai wa kwamiti. Wannan ne ya sa aka kore shi.

Ta buga aikin da amsoshin gaskiya. Sakamakon bai taka kara ya karya ba, amma nata ne. Yayarta ta ce zuciyarta ta yi tauri da yawa. Tsinke ta ce wataƙila, ta ƙara wa kanta abinci.