Saniyar Aro da Tsohon Gem

Mugun hali ne mutum ya ga sabon abu a hannun wani, sai nasa ya zame masa abin kunya, har ya kai hannu ga amanar da aka ba shi don ya kamo wancan. Wannan halin ne ya kayar da Isa na Dalijan, kuma a bainar jama'a ya kayar da shi.

Isa da yayansa Sambo 'ya'yan makiyayi ne, amma sun tashi babu shanu. Cuta ta shiga garken ubansu tun suna ƙanana ta share shi, tsohon ma bai daɗe a bayan shanunsa ba. Da suka kawo ƙarfi suka yi noman albasa, suka haɗa abin da suka samu suka sayi injin gem da 'yar talabijin. Sambo ya kafa rumfa a bakin tashar Kalgo, yara na zuwa su biya su yi wasa. Isa kuwa yana gida da tsohuwarsu Inno, yana kiwon saniya guda.

Saniyar ba tasu ba ce. Baffa Umaru na Masama, aminin ubansu, shi ya ba su aronta kamar yadda makiyaya ke yi wa wanda ya rasa: ta zauna a turkensu, in ta haihu su sha nono, ɗan ya zama nasu, in an yaye shi uwar ta koma wurin mai ita. Ga ta nan da ciki, har ya fara nauyi. Duk ranar da Sambo ya zo gida ya dubi cikin nan, garken ubansa yake gani yana dawowa.

To, injin gem ya tsufa. Ana cikin wasa sai hoto ya daskare, sai Sambo ya zare kaset, ya hura masa iska, ya goga a riga, ya mayar. Hannun da ake dannawa ya tsage, an ɗaure shi da robar tayar keke. Ana haka wani Ɗanjuma ya buɗe rumfa a tsallaken hanya da sabon inji mai cin faifai, 'yan ƙwallon cikinsa kamar ka kira su su amsa. Yara suka kwashe suka koma can. In sun zo wucewa sai su leƙo.

“Sambo, tsohuwa ta sake suma? Hura mata!”

“Ta suma, ta farfaɗo,” in ji Sambo. “Ta girmi wandon da ke jikinka, kuma ta fi shi ɗinki. Wuce.”

Ran Juma'a Isa ya zo Kalgo. Bai ko zauna ba ya tsallaka ya yi kallo a rumfar Ɗanjuma, ya dawo fuska a murtuke.

“Hamma, ba ka jin kunya? Kana zaune kana hura kaset kamar mai hura wuta, yara na yi maka waƙa.”

“Su yi. Waƙa ba ta fasa talabijin.”

“Na je Birnin Kebbi, na ga irin na Ɗanjuma a wani kanti. Mun yi magana da mai shi.”

“Da mi za ka biya?”

Isa ya kau da kai. “Wagga saniya. Mu sayar, in sabon inji ya kawo kuɗi mu saya wa Baffa wata da ta fi ta. Ba ma sai ya ji ba.”

Sambo ya ajiye kaset ɗin da ke hannunsa. Shi ma fa ba dutse ba ne. Ya sha tsayawa yana satar kallon injin Ɗanjuma, ya sha jin dariyar yara har cikin ƙashinsa. Amma ya ce, “Ko yaro ɗaya ya rage a rumfar ga, zan hura masa kaset. Ko babu kowa, in hura wa kaina. Saniyar Baffa ba ta zama faifai. In albasa ta yi kyau bana, mu duba. In ba ta yi ba, tsohon inji na nan.”

“Injin namu ne mu biyu.”

“Injin namu ne. Saniya ba tamu ba ce. Kada ka sake tada maganar ga.”

Isa ya koma Dalijan, Sambo ya ɗauka magana ta mutu. Sai ranar kasuwar Gwandu da hantsi, wani direba ya tsaya a bakin rumfa ko injin mota bai kashe ba. “Sambo, Inno ta ce a gaya maka turke ba saniya, Isa ma ba ya gida.”

Sambo ya miƙe. Ya cire injin ya sa a buhu, don ba ya barinsa a rumfa, ya hau motar farko mai zuwa Gwandu.

Ya iske kara, wurin cinikin shanu, ta cika, mutane sun yi da'ira. A tsakiya ga saniya, ga Isa tsaye kai a ƙasa. Abin da Isa ya manta, garin ɗokin faifai, shi ne kowane garke da irin tsagar kunnensa. Wani dillali, Lukuman, yana kama kunnen saniyar ya ga tsagar gidan Baffa Umaru, sai ya ce wa Isa ya jira mai saye, ya aika aka kira Baffan daga rumfar masu gishiri.

Baffa Umaru bai ɗaga murya ba. Ya ce wa ɗansa, “Kama ta, mu tafi Masama.”

Sambo ya kutsa ya riga shi kama igiya. “Baffa, ba ta tafiya.”

Wani ya ce, “Kai yaro, da wa kake magana?”

“Da ubana nake magana,” in ji Sambo, bai saki igiya ba. “Baffa, mu biyu ka ba aro. Ɗaya ya ci amana, ɗaya bai ci ba. Ka duba.” Ya zazzage buhu, tsohon inji ya fito da robarsa. “Kan wanga abu ake yi mani dariya a tashar Kalgo safe da yamma. An ce in canza shi da saniyarka, na ce a'a. In ka tafi da ita yau, ka hukunta ni da laifin da na ƙi yi.”

Baffa ya sunkuya ya ɗauki hannun gem ɗin, ya juya shi, ya ja robar da yatsa. “Wa ya yi wanga ɗauri?”

“Ni.”

“Ɗaurin ubanka ne. Haka yake ɗaure ƙafar maraƙi.” Ya mayar masa. Ya daɗe yana kallon cikin saniyar, sannan ya ce, “Ta koma Dalijan. Inno ta kula da ita. Abin da ta haifa na Sambo ne shi kaɗai. Isa kuwa, kada hannunsa ya sake taɓa igiyarta, kada ƙafarsa ta sake taka Masama. Jama'a, kun ji.”

Suka ce sun ji.

Da damina ta faɗi saniya ta haifi mace. Sambo na nan a tashar Kalgo yana hura kaset, in yara sun yi masa waƙa ya taya su.

Isa kuwa, ga abin da ya rasa. Ya rasa rabonsa a maraƙar, da duk abin da za ta haifa. Ya rasa kekensa, wanda ya ba mai kanti kafin alƙalami, don mai kanti ya ce wanda ya fasa ciniki shi ya yi asara. Ya rasa gidan Baffa Umaru. Daga Ceberu har Masama babu makiyayin da zai ba shi aron ko akuya. Injin faifai kuwa, ko sau ɗaya bai danna shi ba.