Ƙyallayen Akwatin Milagros

A duk tsibirin Panay na ƙasar Filifin babu cocin da ya kai na Fasto Eleazar Gumban faɗin ƙofa. Mai musu ya karanta allon bakin titi: KO WANE NE KAI, SHIGO, GIDANKU NE. Wata uku dattawan coci suka yi suna muhawara a kan kalmomin nan kafin su amince, har baƙi daga birni suna tsayawa su ɗauki hotonsa.

Leonora Tupas, wadda ake kira Manang, wato yaya, ita ce ke jera harufan allon duk Asabar, tana ajiye su cikin gwangwanin biskit. Shekara ashirin da bakwai suna gida ɗaya da wata mata, Milagros. Sun taɓa zuwa Manila, wani coci ya sa musu albarka suka sanya wa juna zobe, ba tare da takardar da gwamnati ta sani ba. Jama'ar coci sun san komai. Suna kiransu aminai, suna cin wainar shinkafarsu da kwakwa, a wuce wurin. Leonora ta ɗauka wannan shi ne karɓa.

Ciwon ƙoda ya ɗauke Milagros a watan Yuni. Aka kawo akwatin gawarta zauren coci, murfi a buɗe, inda za a manna ƙyallayen alharini masu ɗauke da sunayen iyalin mamaciya, kowa da nasa. Leonora ta rubuta nata tun a gida, ta zo da shi a aljihu.

Dionisio, yayan Milagros, ya iso daga garin Bacolod bayan shekara goma ba a ga ƙeyarsa ba. Ya yi kukansa mai kyau, ya tambayi inda aka ajiye abinci, sannan ya keɓe da Fasto. Da suka fito, Fasto ya ja Leonora gefe, ya riƙe hannunta biyu-biyu. Ya ce ba wanda ke korarta, Allah ya kiyaye. Sai dai dangi sun zo daga nesa, dattawa ma sun ga gara a bar rigima, kuma akwai wuri mai daraja a jikin furannin abokan arziki inda za a sa ƙyallenta maimakon jikin akwatin.

"Fasto, ni na rufe mata ido," in ji Leonora.

"Ubangiji ya sani, Manang. Mutane ne ba su shirya ba tukuna."

Ta so ta tambaye shi shekara nawa shirin ke ci, sai ga Dionisio da tulin ƙyallaye da alƙalami. Ya ce rubutunsa kamar kaza ta bi ta laka, an kuma gaya masa duk garin ba mai kyan rubutun Manang. Ko za ta taimaka?

Ta zauna a teburin mawaƙa. Yana faɗa tana rubutawa: shi, ƙannensa biyu, 'ya'yansu, da sabuwar matarsa wadda ba ta taɓa ganin Milagros da rai ba. Ya manta sunan autar 'ya'yan ƙanwarsa, Leonora ta tuna masa, don ita ke naɗe wa yarinyar kyautar Kirsimeti kowace shekara.

Goma sha ɗaya suka kama. Ta hura kowanne har tawada ta bushe, ta manna su a jere a jikin murfin, daidai saman fuskar Milagros, ta gyara wanda ya karkace. A kujerun zauren, layi biyu na gaba na iyali ne. Ta ƙirga, ta zauna a na uku, wata maƙwabciya ta matsa mata.