Ba a Barin Tukunyar Majun

"Sakar min muciyata, 'yar nan," in ji Tanti Smaranda. "Ke allura kika iya."

Otilia ba ta saki ba. Ta ƙetaro shinge ne kawai don ta gaishe da maƙwabciyarta, sai ta ga gefen bakin tsohuwar ya zube, hannun hagu yana lilo. Shekara uku tana aikin jinya a birni, ta san abin da take gani.

Tun asuba ake dafa purune, wasu 'ya'yan itace masu zaƙi, a ƙatuwar tukunyar tagulla a tsakar gida, ba sukari, ba ruwa, har su yi kauri su zama majun da ake shafa wa burodi. Majun ba ya yafe sakaci. A bar juyi na minti biyu gindi ya kama, ɗaci ya bi amfanin shekara gaba ɗaya.

"Tanti, ɗaga hannun nan in gani."

"Gajiya ce." Maganar ta fito a kwance, kamar da tuwo a bakinta.

Tanti Zamfira, ƙawar Smaranda tun suna 'yan mata, tana zaune tana cire ƙwallon purune. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Iska ce ta buge ta. Jiya ta bar taga da ƙofa a buɗe, na faɗa mata. A shafa mata barasa a wuya, a ɗaure da ɗankwali."

"Wace iska? Jijiya ce ta toshe a kanta! Kowane minti kashe ta yake!"

"Kai, likita ta zo gari," in ji Nea Mitu, tsohon da ke iza musu wuta. Ya yi dariya.

Otilia ta buga waya. Aka ce motar asibiti tana wani ƙauyen, sai nan da awa guda. Ta juyo.

"Nea Mitu, motarka."

"Akwatin purune talatin ne a ciki, 'yata. Wa zai sauke? Gwiwoyin nan nawa? Kuma na ɗan kurɓi barasa."

"Ba ni makullin, ni zan tuƙa."

"Ba inda za ni," in ji Smaranda. Ta ƙanƙame muciyar da hannun da ya rage mata. "Saura awa biyu ya yi kauri. Jikokina a Italiya suna jira. In ban aika musu wannan ba, da me za su tuna ni?"

Otilia ta ji kamar ta ƙwala ihu. Mutanen nan sun san lokacin da majun ya nuna daga ƙarar tafasarsa, amma fuskar wadda suka yi shekara sittin tare da ita ta karkace a gabansu, sai su ce taga. Ta ruga ta fara sauke akwatunan ita kaɗai. Na tara ke hannunta ta ji ƙarar faɗuwa.

Smaranda na ƙasa kusa da murhu. Zamfira na tsaye, muciyar a hannunta. Ita ta cafke kafin ta nutse, kuma tana juyawa, tana kuka, ba ta fasa ba.

Otilia ta kwantar da tsohuwar a gefe, ta kwance mata wuyan riga. Numfashin ya koma minshari, yana zuwa yana yankewa.

"Za ta tafi ba haske!" Zamfira ta kurma ihu. "Kyandir, Mitu! Kyandir!"

A al'adarsu ba a barin mutum ya cika ba kyandir a hannunsa. Otilia ba ta taɓa ganin Nea Mitu yana gudu ba sai ranar. Ya tsallake matakala biyu biyu, ya fito da siririn kyandir na coci, ya kunna da garwashi, ya cusa a hannun Smaranda ya rufe yatsunta da nasa.

"Mun samu," ya ce yana haki. "Mun gode Allah, mun samu."

Otilia ta zauna a ƙasa. Kakin ya gangaro a hankali, ya daskare a kan yatsun da ruwan purune ya rina baƙi.