Dokar da Na Rubuta wa Jan Biro

Takardar gayyatar ta iso ranar Litinin. Wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ni malami mai ziyara na shekara guda, in koyar da tsara manufofin gwamnati, in kuma ƙarasa littafin da nake ta ja shekara shida. Sau uku ina nema suna maido ni. Sharaɗinsu ɗaya ne: takardar sallama daga sashenmu ta isa hannunsu kafin Juma'a, ko su ba wa mai bi mini.

Mai sa hannu a takardar kuwa ita ce shugabar sashe, wadda muke kira Jan Biro a bayan idonta. Ba na ƙaunarta, ita ma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoye tata ƙiyayyar ba.

Na shiga ofishinta, ba ta ce in zauna ba. Ta karanta gayyatar har ƙasa, sannan ta jawo ɗan littafin dokokin sashe, ta juyo mini shi.

"Sakin layi na huɗu, Dakta. Malami ba ya tafiya sai wani ya sa hannu ya karɓi ɗalibansa na bincike. Wanda ya karɓa kuma shi zai riƙe su har su gama. Ka san shi ai."

Na san shi mana, ni na rubuta. Shekara bakwai da suka wuce ita aka fara gayyata, lokacin ina sakataren kwamitin dokoki. Raina ya ƙi yarda yarinyar da na koyar a aji ɗaya ta riga ni hawa jirgi. Na zauna rana ɗaya na tsara dokar, na yi mata ado da maganar kare haƙƙin ɗalibai, sannan na bi ofis-ofis na tabbatar babu mai sa mata hannu. Ba ta tafi ba. Don rashin kunya har a aji nake kawo dokar, a matsayin misalin manufa mai kyau.

"Ɗalibai goma sha ɗaya ne da ni," na ce.

"Sai ka fara da wuri."

Na fara. Farfesan da ke ƙarshen baranda ya dafe ƙirji ya ce likita ya hana shi ƙarin aiki, alhali robar abinci biyu ce buɗe a teburinsa. Wanda muke ofis ɗaya da shi, wanda na yi wa gyaran kundinsa kyauta, ya ce sai ya yi shawara da iyali, kamar aure na ce ya ƙara. Wani ya hango ni da fom a hannu ya shige banɗaki, na tsaya minti ashirin bai fito ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Jan Biro ba ta zuga kowa ba. Na bincika. Ni dai sai da na yi yawon ofisoshi kafin a ƙi ta, ita kuwa tana zaune aka ƙi ni.

A gida uwar yarana ta dubi akwatin da na sauko da shi tun Litinin ta ce, "Baban yara, in mayar da shi saman kabad, ko a bar shi ya ƙara shan iska?"

Ranar Alhamis da rana na koma, fom ɗin babu ko ɗigon tawada. Na shirya faɗa, na shirya roƙo, ban san wanda zai fara fita ba.

"Babu wanda ya sa," na ce.

"Ba ka tambayi kowa da kowa ba."

Ta miƙo hannu ta karɓa. Ta cire murfin jan bironta, ta rubuta sunanta a gurbin mai karɓar ɗalibai, ta sake sa hannu a gurbin shugaba, ta buga hatimi.

A nan na gane. Ɗaliban nan su ne littafina. Su ke shiga ma'aikatu suna tattaro mini bayanai, duk abin da na tara shekara shida a cikin kundayensu yake. Daga yau sunanta ne zai hau kan aikinsu, kuma ko na dawo ba za su dawo hannuna ba. Ni na ƙara wannan jimlar a dokar da kaina, don ko ta sami mai sa mata hannu ta dawo ta tarar da wayam.

"Ranki ya daɗe, wannan gurbin ko za a bar shi tukuna, in sake gwada Farfesa?"

"Gobe Juma'a, Dakta. In yaga, ko ka ɗauka?"

Na tsaya ina kallon takardar. Na ɗauka.

"Kada ka gode mini," ta ce, ta riga ta mayar da kanta kan aikinta. "Shekara guda ba zan ga fuskarka a barandar nan ba, ai ni aka yi wa gata. Ka turo mini su goma sha ɗayan ranar Litinin, kowa da kundinsa."