Gilashin Gefen Gwaggo

Kula biyu na waina, ɗaya ta miyan taushe, jarkar zoɓo, turmin atamfa, sabulu, rigunan jariri, da Gwaggo Laraba. Abin da Haulat ta ɗauko ke nan a motarta, za su Kambarawa sunan ɗan ƙanwarta Sumayya. A cikin kayan duka, Gwaggo ce kaɗai mai magana.

Yayar mahaifin Haulat ce, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe. Tana zaune a gaba, hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, don da safe ta ƙunsa lalle a yatsunta, ta ɗaure kowane da 'yar leda, ta ce ba ta kwancewa sai an isa, ya kama sosai.

Gwaggo ba ta wuce mutum. Tunda Haulat ta sayi motar nan, abu ɗaya tsohuwar ta koya a cikinta: maɓallin da ke sauke gilashi. Da ta hango wanda ta sani, kuma rabin Katsina ta sani, sai gilashi ya yi ƙasa, ta zura kai, ta ce a tsaya. Gaisuwarta ba ta ƙarewa a "lafiya lau". Sai ta ji labarin maigida, da yara, da ciwon ƙafa, da akuyar da ta ɓata bara. Bikin da suka je na ƙarshe, sun tarar ana wanke tukwane.

Shi ya sa yau, kafin su bar ƙofar gida, Haulat ta danna wani ɗan maɓalli a jikin ƙofarta, makullin da ke yanke wa sauran gilasai wuta. An sa shi ne don yara. Da Gwaggo ta kai gwiwar yatsa za ta gaida mai kayan miyan layinsu, gilashin bai motsa ba.

"Ya lalace, Gwaggo," in ji Haulat, idonta a kan hanya. "Sai an kai shi gyara."

Ta kunna esi. Dabara ta yi aiki har Ƙofar Kwaya.

A nan suka ga Baraka. Tana tsaye bakin titi gaban shagon ɗanta, ta sha kwalliyar biki, tana jiran Napep, ita ma sunan za ta. Ita da Gwaggo ƙawaye ne tun suna 'yan mata. Ba a taɓa yin haihuwa ko rasuwa a gidan ɗaya ba ɗayar ba ta kwana can ba. Baraka ta gane motar, ta washe baki, ta ɗaga hannu.

Gwaggo ta manta da lalle. Ta ɗora babban yatsa a kan maɓalli ta danne da dukan ƙarfinta, ta sake dannawa, har ledar ta yi ɓus. Motoci na hon a baya, wani mai Napep ya toshe gefen titi, Haulat ba ta samu wurin tsayawa ba. Suka wuce. A madubi ta ga hannun Baraka na sauka a hankali, ta ga ta juya ta shige shago.

"Ta gan ni," in ji Gwaggo. "Ido cikin ido."

"Bari mu kira ta a waya."

"A wuce mutum kan hanya, a gaishe shi a waya? Ina kika koyo wanga? Kin san mi za ta ce? Laraba ta shiga mota mai sanyi ta daina ganin mutane. Kafin la'asar mutanen Kambarawa duk sun ji. Kuma Baraka in ta juya maka baya, ta juya ke nan. Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya har yau ba su magana, a kan gaisuwar Sallah."

Muryarta ba ta faɗa ba ce, kuma wannan ya fi damun Haulat. Ta kai hannu a hankali ta buɗe makullin da ta danna.

"Ƙara taɓawa mu gani, Gwaggo. Wani lokacin yakan dawo da kansa."

Gwaggo ta taɓa. Shiru. Haulat ta danna nata maɓallin na wajen direba, wanda shi ma ke sauke gilashin Gwaggo. Shiru. Ƙarya ta yi da safe, ga shi ta zama gaskiya kafin azahar.

"To mu zagaya mu koma, ki fita ki yi mata bayani."

"In ce mata mi? Gilashi ya ƙi? Baraka ce hwa. Ko liman ya gaya mata magana sai ta ce wa ya gani. Ba ni zuwa sai da shaida. Kai ni wurin Isiyaku."

"Waina za ta huce."

"Ta huce."

Isiyaku mai riwaya ne, wato mai gyaran wutar mota, a gindin wata bishiyar bedi a Ƙofar Marusa. Ɗan tsohuwar maƙwabciyar Gwaggo ne, yanzu shi ma furfura ta fara fito masa. Sai da aka gaisa, aka tambayi matarsa da surukarsa da ƙafar babansa, sannan aka zo kan gilashi.

"Tun yaushe ya ƙi, Inna?"

"Tun ƙofar gida."

Ya zagayo wajen direba, ya leƙa, ya danna ɗan makullin nan, ƙas, ya sake dannawa, ƙas. "Wannan a buɗe yake. Shi nake fara dubawa, don ya sha sa mutane kawo mini mota lafiyayya."

Haulat ta ɗaga kai tana nazarin ganyen bedi.

Ya gwada gilasan baya, suka sauka suka hau. "To ba fiyus ba ne, da shi ne da duka sun mutu. Amma bari in duba, kar Inna ta ce ban yi aiki ba." Ya zaro fiyus, ya ɗaga shi sama ya kalla, ya mayar.

Sai ya koma gefen Gwaggo. Ta ƙi fita, don haka ya durƙusa a bakin ƙofa, ya sa sukudireba ya ɓamɓaro maɓallin daga mazauninsa, wayoyi na reto a bayansa. Ya ɗauko kayan gwajinsa, ƙwan fitila ne kawai da waya a jiki. Ya maƙala bakin wayar a ƙarfen ƙofa, ya taɓa ɗaya daga wayoyin maɓallin. Ƙwai ya kama.

"Wuta ta iso nan lafiya. Inna, danna."

Ta danna da gwiwar yatsa. Ya taɓa wayar da ke fita. Ƙwai bai kama ba.

"Ta shiga ba ta fito ba," in ji shi. "Kamar ke in kin shiga gidan suna."

"Uwarka ce ta koya mini, ɗan nema."

Ya zare maɓallin gaba ɗaya, ya ɗauki guntayen waya ya haɗa wutar kai tsaye da ɗan injin da ke ɗaga gilashi. Gilashin ya yi shuu ya sauka, iska mai zafi ta shigo da ƙaurin gareji.

"Alhamdu lillahi, ya gyaru!" in ji Gwaggo.

"Da saura. Wannan dai ya nuna inji lafiyarsa lau, waya ma lafiya. Mai laifin na hannuna."

"To ni me ya hana nawa maɓallin aiki?" in ji Haulat. Tambayar da ke cin ta ke nan. Tana tsoron kar a ce makullin da ta danna ne ya ƙona wani abu.

"Hajiya, wutar taki ta cikin na Inna take bi ta wuce. In nata ya toshe, ke ma kin tsaya."

"Faɗa mata dai," in ji Gwaggo.

Ya ɓare maɓallin gida biyu. Cikinsa cike yake da wani abu kore-kore mai danƙo, ya lulluɓe 'yan ƙarafan da ke haɗuwa su ba wuta hanya. Isiyaku ya lakato da farce, ya kalla.

"Wa ya ci tuwo da miyar kuka a motar nan?"

Ya kai hanci. Ya dubi hannuwan Gwaggo. Gwaggo ta dubi babban yatsanta, leda a fashe, lalle ya tsiyaye.

"Inna, kin yi wa mota ƙunshi. Ita ma sunan za ta?"

Haulat ta fashe da dariya. Dariyar wanda aka sauke wa kaya ce, ta kuwa yi yawa. "Ashe Gwaggo ke ce! Ke kika ɓata mini mota!"

Da ta yi shiru, da ta tsira.

Gwaggo ta kau da kai daga gare ta. Tana kallon Isiyaku yana kankare lallen, yana wanke maɓallin da fetur da tsohon burushin haƙori, yana hura masa iska. Ya mayar da shi, ya ce ta gwada. Gilashi ya hau, ya sauka, ya hau. Sannan ta yi gyaran murya.

"Isiyaku. Lalle ne ya toshe shi?"

"Shi ne, Inna."

"Ledar nan a Ƙofar Kwaya ta fashe, ina dannawa da ƙarfi."

"To."

"Mi ya sa nike dannawa da ƙarfi?"

"Don ya ƙi sauka."

"Tun ƙofar gida ya ƙi. Sa'an nan lalle na cikin ledarsa. To mi ya hana shi tun farko?"

Isiyaku ya soma goge sukudireba da gefen rigarsa. "Inna, ita wuta abu ce mai..."

"Wancan da ka fara taɓawa wajen direba. Sake taɓa shi."

Ya dubi Haulat, duban ban-haƙuri, ya miƙa hannu. Ƙas. Gwaggo ta danna nata, gilashi ya ƙi. Ƙas. Ta danna, ya sauka.

"Na ji wagga ƙara a ƙofar gida," in ji Gwaggo. "Na aza ɗan kunnena ne ya faɗi."

"Gwaggo, wancan bikin fa ko shinkafa ba mu samu ba," in ji Haulat. Iyakar abin da ta samu ta faɗa ke nan.

"Kika rufe ni cikin kwalba kamar alewa, saboda shinkafa." Ta juya. "Isiyaku, cire shi."

"Inna, na yara ne."

"Ka ga yaro a nan?"

Ya bar makullin a buɗe, ya ɓalle hularsa yadda yatsa ba zai ƙara samunsa ba, ya miƙa mata. Ta ƙulle ta a bakin mayafi. Ta kuma sa ya tattara mata lallen da ya kankare a guntun leda.

Da suka koma Ƙofar Kwaya, Baraka na zaune kan benci a cikin shago, ta cire mayafin biki ta ninke a cinya. Gwaggo ta sauke gilashi tun daga nesa, ta zura kai har kafaɗa, ta rangaɗa sallama da duk layin ya ji.

Baraka ta amsa sallamar, don wajibi ce, amma ba ta tashi ba. "Wa nike ji? Ko Hajiya mai sanyi ce? Rufe kar zafinmu ya taɓa ki."

"Taso ki gani, uwar 'yan fushi."

"Na gani ɗazu."

"Taso dai."

Ta taso, don Baraka ba ta iya barin abin kallo. Gwaggo ta nuna mata yatsa da fasasshiyar leda, ta miƙa mata ƙullin lallen. "Ga abin da aka ciro cikin maɓallin. Garin in gaishe ki na fasa ƙunshina. Isiyaku ɗan Jamila shaida ne, je ki tambaye shi."

Baraka ta kwance ƙullin, ta murza, ta sunsuna. Fetur da lalle. Ta daɗe tana juya shi.

"Wanga lallen Safara'u ne," ta ce. "Sau nawa ina hana ki sayen lallenta? Ruwa take cika mai." Murmushi ya so kuɓuce mata, ta danne. "To gilashi ya ƙi. Ita direbar ba ta da birki?"

Haulat ta riƙe sitiyari. Ga bakin mayafin Gwaggo da ƙullinsa a kan cinya, kwancewa ɗaya ya isa hular makulli ta fito, asirinta ya tonu.

"Hon ya ruɗa ta," in ji Gwaggo. "Yaran yanzu ba su da zuciya."

Haulat ta fito, ta zagaya, ta durƙusa gaban Baraka ta gaishe ta. Ta tambayi gida, da yara, da jikoki, da ciwon baya, ba ta tsallake komai ba, tana jin idon Gwaggo a ƙeyarta. Baraka ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi mata rangwame ba. Sannan ta yafa mayafinta, ta shiga baya ta zauna tsakanin kulolin waina, ta taɓa ɗaya.

"Wannan ai ta huce."

"Sumayya na da murhu," in ji Gwaggo.

Haulat ta shiga, ta kashe esi, ta ja ƙofarta ta rufe. Gwaggo ta gyara zama, ta ɗora gwiwar hannu a bakin taga.

"Ta cikin gari za mu bi," ta ce. "Duk wanda na wuce yau sai na koma na gaishe shi. Da mai kayan miya za mu fara."